Kututturen Da Ke Gonarka: Darasi Kan Mutuwar Ƙasar Noma Da Rayar Da Ita

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya sanya abincinmu da makwancinmu a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata ƙara ce da aka kawo mini a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar, a bazarar da ta wuce. Mutum biyu ne, maƙwabta, masu salla a sahu ɗaya. Ɗayansu yana da wani fako a bayan gari wanda ya gada daga mahaifinsa, shekara da shekaru ko ƙarangiya ba ya fitarwa. Ɗayan kuwa gonarsa ta yi wa iyalinsa kaɗan, sai ya roƙi aron fakon. Mai shi ya yi dariya ya ce: "Je ka, in ka sami wani abu a can, ka ci." Bawan Allah nan ya yi rani uku yana haƙar ramu shi da ƴaƴansa, yana jido taki a amalanke, yana tattalin ƴan tohon kalgo da suka fito. A kaka ta uku ya ɗaure dami 40 a wurin da ba a taɓa ɗaure ko ɗaya ba. Da ganin haka mai fako ya ce yana son abinsa.

Zan koma ga yadda aka rabu. Amma ba za a gane hukuncin ba sai an fara gane abin da ke kashe ƙasa da abin da ke rayar da ita, domin malami ba ya yanke hukunci a kan abin da bai san surarsa ba.

Daga ina mutuwar take shigowa

Da yawa daga cikinmu in aka ce hamada, sai zuciya ta tafi arewa, ta hango tuddan rairayi suna tahowa kamar rundunar yaƙi, mu kuwa muna zaune muna jiran ranar da za su iso. Wannan zato yana da daɗi ga rai, don yana ɗauke mana laifi. Gaskiya ne akwai wuraren da rairayi ke cin gona da gari, kamar yankin Gure da Maine Sorowa, inda tuddai ke binne kwaruruka masu dabino da kanwa. Amma a ƙasar Maraɗi, da Adar, da kudancin Damagaram, mutuwar ƙasa daga tsakiyar gona take farawa, a ƙarƙashin ƙafar mai ita.

Ku dubi jigawa. Ƙasa ce mai sauƙin noma, amma matalauciya ce tun asali, ƙarfinta yana cikin ɗan laushin da ke samanta, wato ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da ƙurar da hunturu ke saukewa. Kowace kaka muna ɗauke zangarniya, wannan haƙƙinmu ne. To, amma muna ɗauke kara ma, don darni da wuta da abincin dabbobi, mu ɗauke harawa, mu share gona ƙal, mu tara abin da ya rage mu cinna masa wuta. Sai ta kwana wata bakwai tsirara a gaban rana da iska. Idan hadarin farko ya taso da guguwarsa, laushin nan shi iska ke kwashewa, ta bar mana tsabar rairayi. Rairayin kuma shi ne ke dukan shuka tun tana ganye biyu, ya ƙone ta ko ya binne ta, manomi ya sake shuka sau biyu, sau uku, har irin da ya ɓoye ya ƙare, damana kuwa ta yi nisa. Daga baya sai hatsi ya fito rawaya, ƙuduji ya mamaye, mutum ya ce gona ta gaji. Lalle ta gaji, gajiyar baƙon da aka sa aiki ba a ba shi abinci ba.

Fako kuwa ciwonsa dabam ne. Idan aka tuɓe wa ƙasa mai tauri rigarta, ɗigon ruwan sama da kansa yana dukan fuskarta har ta rufe, ta yi ɓawo kamar daɓe. Daga nan ruwa ba ya shiga, sai ya gudu a kanta, ya haɗu da wani, ya yanka kwazazzabo, ya kwashe gonar na ƙasa, ya je ya cika gulbi da yashi. Ya bayin Allah, mukan fita bayan gari roƙon ruwa, da tsofaffi da yara, muna kuka, kuma sunna ce mai ƙarfi. Allah Ya amsa, Ya sauko da ruwan, sa'an nan mu tsaya muna kallonsa yana gudu a kan fakon da hannuwanmu suka daɓe. Ban ga kunya ga mai roƙo ba kamar a ba shi abin da ya roƙa alhali ƙwaryarsa a kife take.

Ba na musun fari. Iyayenmu sun sha na 1973 da 1974, sun sha na 1984 wanda mutanen nan suka raɗa wa suna El Buhari, mu kuma mun ga yunwar 2005 da idonmu, lokacin da mata ke jiƙa anza kwana da kwanaki don cire ɗacinta. Wannan jarrabawa ce daga Allah. Amma ku lura da abu ɗaya: gona biyu a jere, hadari ɗaya ke shayar da su, ɗaya ta yi, ɗaya ta ƙi. Wanda ya jingina wannan bambanci ga ƙaddara kaɗai ya faɗi rabin gaskiya, ya ɓoye rabin da ya shafe shi.

Kakanninmu suna da maganin gajiyar gona, shi ne saura: a noma wuri ƴan shekaru, a bar shi ya huta, daji ya mayar masa da ƙarfinsa. Wannan ƙofa ta rufe. Mutanen Nijar a 1960 kimanin miliyan 3 ne. Ƙidayar 1988 ta sami fiye da miliyan 7, ta 2012 fiye da miliyan 17, yau kuwa mun haura miliyan 25, ƙasar noma kuma tana nan a ɗan zirin kudu inda take. Gandun da mutum ɗaya ya bari, yau jikoki ashirin ke da rabo a ciki. Kada wani ya fahimci cewa ina ɗora laifi a kan rabon gado. Wannan farilla ce ta Allah, ba a taɓa ta. Abin da nake cewa shi ne, wanda ba shi da inda zai bar gona ta huta, tilas ya koyi hutar da ita alhali yana noma ta. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da itace.

To, itacen ina ya tafi? Zamanin gujiya ya ci nasa, lokacin da ake koya wa manomi cewa gona ta gari ita ce wadda garmar shanu za ta ratsa ba ta ci karo da kututture ba. Wutar girki ta birane ta ci nata. Doka ma ta ci nata ba da nufi ba: dokar daji ta 1974 ta sanya gawo da wasu itatuwa a ƙarƙashin kariyar hukuma, har ya zama mutum yana tsoron tara in ya sare reshe a gonarsa. Sai manomi ya yi lissafinsa, ya ga itacen da ba nasa ba gara ya kashe shi tun yana toho, tun ma'aikacin daji bai gan shi ba. Ku riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin darasinmu: ɗan Adam ba ya tattalin abin da bai tabbata zai ci amfaninsa ba.

Sassaben zamani

An yi ƙoƙari da dama. A kwarin Majiya, ƙasar Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, kuma sun yi amfani. A Keita an fara babban aiki a 1984 da taimakon ƙasar Italiya. A watan Mayu na wannan shekara aka yi taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, zamanin Seyni Kunce. Amma dashe yana da tsada, yana son ban ruwa da shinge, kuma kowa ya san yawan abin da ake dasawa ranar 3 ga Agusta da ƙarancin abin da ke kaiwa bazara.

Abin da ya fi canza fuskar ƙasarmu bai fito daga gandun renon itace ba. A 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki da wata mishan ta Kirista a Maraɗi, bayan ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya tsaya a hanya ya duba ƴan kurmin da ke warwatse cikin gonaki. Sai ya gane ba ciyayi ba ne, toho ne na itatuwan da aka sare, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara suna turo rassa, kowace shekara muna sassabe su mu ƙone. Daji ne cikakke a binne, yana neman a ƙyale shi kawai. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a ƙauyuka kusan 100. Da yunwa ta wuce, mafi yawan mutane suka sare abin da suka bari. Kaɗan suka riƙe nasu, kuma waɗannan kaɗan ɗin su ne suka zama hujja, domin gani ya kori ji. Daga gona zuwa gona abin ya bazu, aka raɗa masa suna sassaben zamani. Bayan shekara 20, da masana suka gwada hotunan sama na da da na lokacin, suka kiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itace a jihohin Maraɗi da Damagaram, wajen itace miliyan 200, kusan duk ba dasa su aka yi ba.

Na taɓa jin wani yana cewa shi ba ya koyi da aikin mishan. Na ce masa: Malam, kututturen nan wa ya halicce shi, kuma a gonar wa yake? Ramin da aka haƙa aka kare Madina da shi dabarar yaƙin Farisa ce, Salmanu ya kawo ta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓa, ya haƙa da hannunsa mai albarka. Aƙidarmu ba ma karɓarta daga kowa sai daga inda ta zo; amma sanin yadda ake gyara reshe ba aƙida ba ne. Balle ma tsofaffinmu sun san barin itace a gona tun kafin a haifi wannan bature. Tunatarwa ya yi, mu ne muka manta.

Aikin kansa ba wuya. Lokacin sassabe, kafin ka ɗaga gatari, ka zaga gonarka ka ga me ke cikinta: sabara, kalgo, taramniya, magarya, aduwa, gawo. Ka zaɓi kututturan da za ka bari, a warwatse, ko da 40 ne a hekta a shekarar farko. A kowane ɗaya ka duba rassa mafi ƙarfi da miƙewa, uku zuwa biyar, ka bar su, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka share musu ƙananan rassa daga ƙasa har zuwa rabin tsawonsu, kada ka wuce, don in ka tuɓe su sarai iska za ta karya su. Wuƙa ta kasance mai kaifi, sara kuma daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage. Ka ɗaura ɗan tsumma, shaida ce ga mai wucewa cewa wannan yana da mai shi. Ganyen da ka sare kada ka ƙone, shimfiɗa shi a inda gonar ta fi rauni, gara za ta yi maka sauran aikin. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga danshi, girman da dashe zai yi a shekaru toho yana yin sa a damana biyu. Daga nan kowace shekara kana iya cire reshe ɗaya don wuta ko gini, ka bar sabon toho ya maye gurbinsa.

Gawo kuwa sai an tsaya a kansa, don aya ce tsayayya a gona. Yawancin itatuwa suna yin ganye da damana su zubar da rani, shi kuwa ya saɓa musu: yana tuɓewa daidai lokacin da hatsi ke son rana, ya zubar da ganyensa taki a gindin shuka, sa'an nan ya yi kore shar da rani, lokacin da dabba ba ta da inuwa ba ta da abinci. Ƴaƴansa kiwo ne mai sa ƙiba. Dabbobi su taru a ƙarƙashinsa su bar kashi, irin kuma ya bi ta cikinsu ya fito a shirye don tsiro. Dangin wake ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake ke yi. Duk manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri. Mutanen Magarya da Matamai da Mirya sun riga mu gane haka. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya sami kimanin hekta miliyan 1 a wannan yanki cike da matasan gawo. Wanda ya bi hanyar Matamai da rani ya ga abin da nake faɗa.

Kada kuma in yi muku ƙari. Itace ba ya maye taki gaba ɗaya, kuma wanda ya bar shi ba gyara zai sami inuwa ta danne masa shuka. Masu tsoron tsuntsaye ma ba ƙarya suke yi ba. Amma ni na ga 2005, na ga wanda ke da itace yana sayar da reshe da ganyen kuka ya auno tiya, na ga wanda ba shi da shi yana sayar da akuyar matarsa, daga nan ya sayar da gonar.

Inda fako ya riga ya daɓe, ba toho, sai an fasa shi. A 1989 manoma 13 daga Illela ta jihar Tawa suka je ƙasar Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda manoma ke gyara tsohuwar dabarar ramu, suka dawo suka gwada. Mu muna kiranta tassa. Rami ne da rani, faɗinsa kamar taƙi ɗaya da ɗan ƙari, zurfinsa ƙasa da haka, a tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu. Gara ta biyo takin, ta huda ƙasa, ruwan farko ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu. In an bar mita ɗaya tsakanin rami da rami, hekta tana cin 10,000. Aiki ne na gumi, ba na raggo ba. Damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, aka ga masu tassa sun girbe, maƙwabtansu ba su girbe ba, sai abin ya yaɗu tare da ɗan'uwansa rabin wata. Kafin a jima fakon da ake bayarwa kyauta ya shiga kasuwa, ana saye ana sayarwa. Wannan shi ya kawo mu ga shari'a.

Mas'alolin da suka taso

Mas'ala ta farko, ita ce mafi girma: itacen da ya toho a gona na wane ne? Babu abin da ya fi karya zuciyar mai tattalin itace kamar ya reni kalgo shekara uku, ya wayi gari ya tarar an sare da dare. Ɓarawon kuma in an kama shi sai ya ce: ai ba shi ya shuka ba, Allah ne Ya fitar. To, hatsin ma wa ya fitar? Abin da ya tsiro a ƙasar da ke da mai ita yana bin ƙasar, balle an haɗa da wahalar gyara da tsaro. Tarayyar da aka ruwaito tsakanin mutane a kan ruwa da ciyawa da wuta ba ta halatta wa kowa shiga gonar wani da gatari ba. Wanda ya sare ya yi ta'addi, kuma biyan ƙimar abin da ya ɓata yana wuyansa ko an gan shi ko ba a gan shi ba. Wanda ya saya yana sane ya yi tarayya da shi. An ruwaito a hadisi ingantacce cewa mai shuka yana da ladan sadaka a duk abin da aka ci daga shukarsa, har abin da aka sace. Wannan lallashi ne ga wanda aka zalunta, ba izini ba ne ga ɓarawo. Dokar ƙasa ma ta dawo kan haka: bayan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, an fitar da ƙuduri ranar 30 ga Yuli 2020 wanda ya tabbatar wa manomi haƙƙin cin amfanin itacen da ya rena a gonarsa.

A nan zan faɗi maganar da wasu ba za su so ba. Sau da yawa mai saran toho mace ce, ko yaron da aka aika, don tukunya tana jira. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa itacen girki cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji, tare da ruwa da mai da gishiri. Saboda haka maigidan da ya ajiye tiya ya fita majalisa, bai tambayi da me za a dafa ba, kada ya zaci hannunsa tsarkakakke ne daga abin da aka saro. Shi kuma mai itace, ya ji tsoron Allah game da gwauruwa da marayun da ke maƙwabtaka da shi: rassan da ya cire wajen gyara, ya kira su su ɗauka da rana, kada buƙata ta kawo su da dare.

Haka makiyayi. Ya nemi izini kafin ya hau gawo, kuma ya sassaftar, kada ya yi masa ƙwalƙwal. Manomi kuma ya tuna shi ma yana da nasa laifin, don burtalin da ya cinye ya haɗa da gonarsa ƙwace ne. Da can Bafillace yana kwana da shanunsa a gona bayan girbi, ya ci kara ya bar taki, a ba shi hatsi a rabu da alheri; ƙasa ta yi rashi ranar da wannan ciniki ya mutu. Gari yana da ikon ya haɗu da mai gari ya kafa hurumi da masu tsaro, asalin wannan yana cikin keɓe Naƙi'u da Manzon Allah ya yi, da keɓe Rabaza da Sayyidina Umaru ya yi don dabbobin zakka. Mutanen Ɗan Saga a ƙasar Agye sun kafa irin wannan kwamiti, suka sa mata da makiyaya a ciki, kuma ya yi aiki domin ba a bar kowa a waje ba.

Mas'ala ta biyu gajeriya ce. Wani ɗalibi ya ce mini ya karanta a Muhtasar na Shaihu Halilu cewa sare itatuwa yana cikin abubuwan da ake raya mataccen wuri da su. Haka ne, yana tare da fitar da ruwa, da gini, da dashe, da noma. Amma wancan kurmi ne da ya hana amfani, cire shi shi ne rayarwa. Manufa ita ce ƙasa ta koma mai amfani. Inda rashin itace ne ya kashe ta, mai gatari ba zai kafa hujja da wannan babi ba.

Mas'ala ta uku ita ce ƙararmu. Fakon nan ba mataccen wuri ba ne irin wanda ba shi da mai shi, gado ne sananne, saboda haka gyara shi bai mayar da shi mulkin mai aro ba. Na faɗa masa haka, ransa bai so ba. Amma na juya ga mai fako na ce: a mazhabarmu, wanda ya ba da aron ƙasa bai yanke lokaci ba, mai aro ya yi gini ko dashe a cikinta, ba a fitar da shi tun bai ci moriyar da al'ada ta sani ba, sai an biya shi abin da ya kashe. Ramu da taki na rani uku ba su kasa dashe wahala ba. Na ƙara da cewa: in ka karɓe yau, ka sani ba mutum ɗaya ka cuta ba, don babu wanda zai sake taɓa fakon aro a garin nan, kowa zai ci gonar aro cin ƙarshe, ya sare abin da ke cikinta tun ba a karɓe ba. Kuma dami 40 ɗin nan akwai ushiri a cikinsu, rabon miskinai ne da bai wanzu ba sai da wannan mutum ya haƙa.

Malikiyya suna da wata yarjejeniya da suke kira mugarasa: mai ƙasa ya ba wani ya dasa itatuwa, in sun kai girman da aka ambata su raba ƙasa da itace bisa rabon da suka yarda tun farko. Tana da sharuɗɗanta, ban ce tassa ta shiga cikinta kai tsaye ba, amma ta nuna cewa magabata sun san gumin mai gyara yana da ƙima, kuma sun san ana yanke magana kafin aiki, ba bayan amfani ya fito ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, mu kuwa muna ba da gona da dariya, mu karɓe ta da rantsuwa.

Da taimakon dattawa aka yi sulhu. Mai aro zai ci gaba da noma wurin damana huɗu, daga nan ya koma hannun mai shi. Itatuwan da ya rena ba mai sare su daga tushe, kuma yana da rassan gyaransu muddin yana noma wurin. Aka rubuta, shaidu huɗu suka sa hannu, aka kai takardar ga kwamitin filaye na gari don a ajiye. Ba zan ce muku duka biyun sun tashi da farin ciki ba. Mai fako ya yi mako biyu yana salla a wani masallaci. Amma akwai sauran fakon, wajen rabinsa, wanda ba a taɓa ba, kuma cikin watan jiya na wuce na gan shi a can da sassafe, shi da ɗansa, da igiyar awo da diga. Ya aiko a tambayi maƙwabcin nasa ko takin awaki ya fi na shanu a rami, aka ce masa na awaki, amma ya bari ya ruɓe tukuna.